KUMFAR DA KE CIKIN KWALBAR BIKI

Karatu: Luka 5:36-39, Karin Magana 23:29-35, Romawa 14:13-23

  Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidan da Hausa ta yi wa nauyi, wani ya zauna kusa ya riƙa juya masa da yarenku, gama maganar yau ta shafi kowa.

A watan Disamba da ya wuce an gayyace ni bikin aure a nan Jalingo. Bayan an tashi daga majami'a muka tafi wurin liyafa. Aka yanka kek, sai mai gabatarwa ya ce a kawo kwalba. Abokin ango ya ɗauko wata doguwa mai takardar zinariya a wuya, ya jijjiga ta, marfin ya yi tsalle ya bugi silin, kumfa ta zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Aka zuzzuba wa waɗanda ke babban tebur.

Kusa da ni akwai wani Baba, dattijon ikilisiya. A ƙuruciyarsa mashayin burukutu ne na gaske, shi da bakinsa yakan ba da wannan shaida. Ya bar ta ranar da aka yi masa baftisma, fiye da shekara talatin ke nan. Da aka miƙa masa kofi ya tambayi yaron, "Ɗana, wannan mene ne?" Yaron ya ce, "Baba, wain ne kawai na biki, ba giya ba ce." Ya sha rabi, ya ajiye. Can an jima ya matso kusa da kunnena ya ce, "Mai bishara, na san wannan ɗumin da nake ji a ƙirji." Na jawo kwalbar na duba. A gefen takardar, da ƙananan haruffa, an rubuta 11%.

Ba wanda ya yi niyyar cutar kowa. Kyauta ce wani ya kawo daga Abuja, iyalin ango kuwa sun ɗauka duk kwalba mai irin wannan sura ɗaya ce da wadda suka saba saya. Amma ranar Lahadi da aka yi Jibin Ubangiji, Baba bai miƙa hannu ba. Surukan kuma suka yi makonni suna nuna wa juna yatsa. Shi ya sa na ce bari mu zauna mu san abin nan: daga ina kumfar take, yaya ake yin ta, kuma yaya mutum zai bambanta kwalba da kwalba.

Mu fara daga gida

Uwargida, kin sha ganin wannan. Kin dama kunun zaƙi da safe, kin ɗura a gorar roba, kin rufe tam. Aka ɗauke wuta, firij bai yi sanyi ba. Washegari gorar ta kumbura ta yi tauri, da kin murɗa marfin sai ta yi huci, kunun ya taso. Zoɓo ma haka yake yi. Ƙullun waina da kika bari ya kwana, da safe kin tarar ya tashi ya yi ido-ido. Duk aikin abu ɗaya ne, wato yisti.

Yisti abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwayarsa ɗaya. Yana cikin iska, yana jikin hatsi, yana kan fatar 'ya'yan itace. Abincinsa zaƙi ne. Idan ya ci zaƙi yakan fitar da abu biyu: barasa, wato abin da ke bugarwa, da kuma wata iska da masana ke kira kabon dayoksaid, irin wadda mu ma muke fitarwa in mun yi numfashi. Kakanninmu sun yi dubban shekaru suna aiki da shi ba su san sunansa ba. A 1857 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa irin wannan tashi aikin ƙananan halittu masu rai ne.

Burukutu ke nan. Mai dafawa takan jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta ta yi tsiro, domin tsiron ne ke juya garin hatsi ya zama zaƙi. Ta shanya, ta niƙa, ta dama, ta dafa, ta bari ya yi tsami, ta sake dafawa, sa'an nan ta zuba ɗan ragowar tsohuwar giya a ciki. Wannan ragowar cike take da yisti. Cikin kwana ɗaya ko biyu tukunya ta fara tafasa ba wuta a ƙarƙashinta. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san wannan ƙara da wannan wari. Bammi kuwa, wanda 'yan'uwanmu na wajen Takum da Kurmi suka fi sani, da sassafe zaƙi ne kamar rake, kafin yamma ya yi ƙarfi, domin yisti bai huta ba tun da aka sauke shi daga itace.

To, tukunyar burukutu a buɗe take, iskar tana fita abinta. Amma in aka toshe ta fa? Ubangiji Yesu ya yi magana a kan wannan. A ƙasar Yahudiya akan tattake 'ya'yan inabi da ƙafa a wurin matsewa, ruwan kuwa ba ya daɗewa cikin zafi sai ya fara tashi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake ɗura shi a ciki shi ne salka, wato fatar akuya da aka ɗinke. Sabuwar salka tana da taushi, in iska ta taru takan miƙe. Tsohuwa ta riga ta miƙe iyakar miƙewarta, ta bushe. Ka ɗura mata sabon ruwan inabi, sai ta fashe, ka yi hasarar salka da abin da ke ciki. Misalin yana cikin Matiyu 9, Markus 2 da Luka 5. Elihu ma, cikin Ayuba 32:19, da magana ta cika masa ciki, ya kwatanta kansa da ruwan inabin da aka toshe ba mafita. Abin da ya fasa tsohuwar salka shi ne ya harba marfin nan zuwa silin.

Yadda Turawa suka kama iskar

A arewa maso gabashin Faransa akwai wani yanki da ake kira Shamfen, wajen kilomita 150 gabas da birnin Faris. Ƙasa ce mai sanyi. Sukan girbe inabi wajen watan Satumba, su matse, ruwan ya fara tashi, sai hunturu ya shigo, yisti ya kwanta barci bai gama cin zaƙin ba. Masu gona su ɗauka an gama, su ɗura a kwalabe. Da ɗumi ya dawo sai yisti ya farka ya ci gaba da aikinsa a cikin kwalba rufaffiya. Kwalabe su yi ta fashewa, ɗaya ta fasa maƙwabciyarta. Har ya kai ma'aikata suna sa abin rufe fuska na ƙarfe kafin su shiga ma'ajiya. Da fari, aibi ne a wurinsu.

Za ku ji ana cewa wani ɗan zuhudu na Katolika mai suna Dom Perignon ne ya ƙago wannan abin sha. Gaskiya ne ya lura da ma'ajiyar ruwan inabi ta gidan zuhudu na Hautvillers daga 1668 har ya rasu a 1715, kuma ya gyara sana'ar ƙwarai. Amma yawancin wahalarsa ta hana kumfar ce. A Ingila ne, tun a 1662, wani likita mai suna Christopher Merret ya rubuta cewa 'yan kasuwa suna ƙara sukari a ruwan inabi da gangan domin ya yi kumfa. Ingilishi suna narka gilashinsu da wutar kwal, saboda haka kwalabensu sun fi ƙarfi. Sai da aka sami sabuwar salka, in ji mai magana, sa'an nan aka iya riƙe sabon ruwan.

Ga yadda ake yi har yau a Shamfen. Da fari akan yi ruwan inabi na kullum, mai barasa amma marar kumfa. Akan gauraya na gonaki dabam-dabam, har da na shekarun baya, domin ɗanɗanon ya daidaita. Sa'an nan a ɗura a kwalba mai kauri, a ƙara yisti da sukari wajen giram 24 a kowace lita, kimanin ƙaramin cokali shida ke nan, a rufe da marfi irin na kwalbar lemo. A kwantar da kwalaben a ramukan ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa cikin dutsen alli, inda sanyi ba ya sakewa rani da damina. Yisti ya cinye sukarin cikin 'yan makonni. Iskar ba ta da hanyar fita, sai ta narke cikin ruwan. Ƙarfinta a cikin kwalba ya kai ninki biyu zuwa uku na iskar da mai faci ke bugawa a tayar ƙaramar mota. Shi ya sa kwalbar take da nauyi, gindinta ya lotsa ciki, aka kuma ɗaure marfinta da waya.

Dokarsu ta ce kada a sayar sai ta yi aƙalla wata 15 a ajiye, wadda aka rubuta wa shekarar girbi kuwa sai ta yi shekara 3. A wannan lokaci yistin ya mutu ya kwanta kamar laka. Yaya za a fitar da lakar ba a rasa iskar ba? Wata gwauruwa mai kamfani, Madam Clicquot, ita da ma'aikatanta suka samo dabara wajen 1816. Akan soka kwalaben a ramukan katako, baki yana kallon ƙasa, kowace rana a ɗan murɗa su a ƙara karkata su, har lakar duka ta gangaro wuya. Yanzu injuna ne ke yawancin wannan aiki. Daga nan a tsoma wuyan cikin ruwa mai tsananin sanyi har lakar ta daskare, a buɗe, iskar da kanta ta harbo ƙanƙarar waje. A cike gurbin da ɗan ruwan inabi da sukari, a toshe da ɓawon wani itace da aka fi samu a Fotugal da Sifen. Yawan sukarin nan na ƙarshe shi ke sa a rubuta Brut a kan mai ƙarancin zaƙi, Demi-Sec a kan mai zaƙi. Ku lura, waɗannan kalmomi zancen zaƙi kawai suke yi. Dukansu suna da barasa, wajen kashi 12 cikin 100.

Akwai hanya mai araha. Maimakon kowace kwalba ta yi nata tashin, sai a yi shi gaba ɗaya cikin babban tanki na ƙarfe rufaffe, a tace, a ɗura. Haka ake yin Prosecco a Italiya. Cava ta Sifen kuwa hanyar kwalba take bi. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, a duka hanyoyin biyu yisti ne ya haifi kumfar, inda yisti ya ci zaƙi kuwa ya bar barasa.

Kumfar da ba ta yisti ba

Hanya ta uku ita ce ta kawo ruɗanin. Wajen 1767 wani mai wa'azi a garin Leeds na Ingila, Joseph Priestley, yana zaune kusa da gidan dafa giya. Ya rataya kwanon ruwa a bisa randar da ke tashi, ya tarar ruwan ya sha iskar, ya yi ɗanɗano mai daɗi, ba kuwa barasa a cikinsa. Wannan ne asalin duk lemon kwalba da yaranmu ke sha. Yau inji ne ke tura iskar cikin ruwa da ƙarfi.

Kimanin shekara ɗari bayan haka, a 1869, wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ɗan ikilisiyar Methodist, bai ji daɗin a ba mutane abu mai bugarwa a teburin Ubangiji ba. Ya bi ilimin Pasteur, ya matse inabi, ya ɗura a kwalba, ya dafa ta cikin ruwan zafi har yistin ya mutu. Ruwan ya zauna da zaƙinsa bai tashi ba. Haɗa dabarar Welch da ta Priestley, ka sami irin su Eva da Chamdor da Pure Heaven da muke saya a manyan shagunan Jalingo lokacin Kirsimeti: ruwan 'ya'yan itace ne da aka busa wa iska. Sai dai masu kamfani sun sa musu kwalba iri ɗaya da ta shamfen, takardar zinariya iri ɗaya, waya iri ɗaya. A kan kanta kuma sau da yawa suna jere da su Andre da Moët, waɗanda giya ce sosai.

Saboda haka kada a dogara ga surar kwalba, ko zaƙi, ko kalmar "wain", ko bakin mai shago. A juya kwalbar a nemi lamba mai alamar % kusa da kalmar Alc. ko vol. In an ga 7, ko 10, ko 12, giya ce. Burukutu yawanci tsakanin kashi 3 zuwa 6 take, ashe kofi ɗaya na wannan ya kai biyu ko fiye na waccan. Marar barasa za a ga an rubuta Non-Alcoholic ko 0.0%. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kuma, gama akwai jabu. A Disamba 2023 hukumar ta rufe shaguna masu yawa a wata kasuwa a Aba inda ake haɗa giya da lemo na ƙarya ana ɗurawa a tsofaffin kwalabe. Wanda ba ya karatu ya kira ɗan makaranta ya duba masa, ba abin kunya ba ne.

Su masu abin ma ba sa jijjiga ta yadda samarinmu ke yi, sai a wurin tseren motoci. Sukan sanyaya ta sosai, domin ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. Su kwance wayar yatsa yana danne da marfi, su karkata kwalbar bakinta yana kallon inda ba mutum, su riƙe marfin su murɗa kwalbar a hankali har ta yi ɗan huci. Su zuba kaɗan-kaɗan a dogon kofin gilashi domin a ga kumfar tana hawa. Wannan ya shafi har marar barasar, gama ita ma da ƙarfinta. Marfin kwalbar da ta yi zafi a bayan mota yana iya tashi da gudun kilomita 40 a awa ko fiye, ya kuwa isa ya lalata ido. Abokan ango, ku ji wannan: amarya tana gabanku, yara suna zagaye da tebur.

To, mai bi fa?

Ba zan ɓoye muku abin da ke rubuce ba. Ruwan inabin da Littafi Mai Tsarki ke magana a kai yana bugarwa. Nuhu ya sha ya bugu. Bulus ya tsauta wa Korantiyawa domin waɗansu suna buguwa a wurin Jibin Ubangiji. Zabura 104 ta lasafta shi cikin kyautar Allah tare da mai da abinci, Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana, Bulus kuma ya ce wa Timoti ya ɗan sha saboda cikinsa. 'Yan'uwanmu Katolika har yau da shi suke yin hidimarsu. Wanda ya ce muku duk wannan zoɓo ne, bai karanta da kyau ba.

Amma Littafin nan ɗaya ya ja kunne da ƙarfi. Karin Magana 23 ta zana mashayi da jajayen idanu da raunukan da bai san inda ya samo su ba, ta kuma yi gargaɗi musamman a kan kallon abin sha sa'ad da yake ƙyalli a kofi yana gangarawa sumul a maƙogwaro. Ni dai duk lokacin da na ga kumfar nan tana hawa a gilashi, wannan wurin nake tunawa. Burukutu tana da tsami da wari, tana faɗa maka ko ita wace ce tun daga nesa. Wannan kuwa sanyi ce da zaƙi, yarinya 'yar shekara goma sha biyar za ta shanye kofi biyu tana tsammani lemo ne.

Tun zamanin da mishan suka zauna a Bambur a 1923, da sauran wuraren da bishara ta fara kafuwa a ƙasarmu, yawancin ikilisiyoyinmu sun zaɓi barin giya ɗungum. Iyayenmu da suka karɓi wannan sun biya tsada. A lokacin ba a gayya sai da giya, ba a biki, ba a makoki, ba a sauke baƙo sai da ita. Mai bi ya kira gayya da kunu, maƙwabta suka ƙi zuwa, ya nome gonarsa shi da matarsa. Sun san abin da suke gudu: dawar da ya kamata ta kai iyali watan Agusta tana ƙarewa a tukunya tun Afrilu, kuɗin makaranta yana tafiya ranar kasuwa, mace tana kwana da kumburarriyar fuska. A ganina ba daidai ba ne mu hori tsohuwa mai dafa burukutu a ƙauye, sa'an nan mu tafa wa abu mai ninkin ƙarfinta a birni don kawai ya zo da takardar zinariya da sunan Faransa. A 2013 jaridu sun ba da labari cewa Nijeriya tana cikin ƙasashen da cinikin shamfen ya fi saurin ƙaruwa a duniya. Kwalba ɗaya ta ainihin ta Faransa tana iya cin kuɗin buhun masara har da ƙari.

Romawa 14 kuwa ta kai mu inda Baba yake zaune. Bulus ya ce ko da kai kana ganin kana da 'yanci, ka bar nama ko ruwan inabi ko kowane abu in zai sa ɗan'uwanka tuntuɓe, kuma wanda ya ci abu zuciyarsa tana shakka ya jawo wa kansa nauyi. A kowane biki da muke yi akwai wanda ya sha fama kafin ya rabu da ƙwarya, ba kuwa a rubuce yake a goshinsa ba. Mai gida da ya ɗora kwalba a tebur, shi ke da alhakin sanin abin da ke cikinta, yaran da ke rabo kuma kada su amsa abin da ba su duba ba.

Na je gidan Baba ranar Talata bayan wannan Lahadin. Na tarar da shi yana gyaran zana. Muka karanta Romawa 14 tare, na ce masa ya yi tambaya, aka ba shi amsar da ba daidai ba, da ya gane kuwa ya ajiye kofin, ban ga alkawarin da ya karya ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce abin da ya tsorata shi ba rabin kofin ba ne, sai dai yadda jikinsa ya yi marhaba da shi bayan shekara talatin. Muka yi addu'a. A Jibin Ubangiji na gaba ya miƙa hannu. Surukan ma dattawa sun zaunar da su, an nemi gafarar juna. Yanzu a ikilisiyarmu in za a yi liyafa, mata biyu daga Zumuntar Mata sukan duba kowace kwalba kafin ta hau tebur, har da na kyauta, wadda ba ta dace ba a mayar wa mai ita da godiya.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu da rai, za mu koma kan Luka 5 mu ga abin da Yesu yake nufi da sabuwar salka game da azumi da al'adun kakanni. Ku karanta daga aya 27 zuwa ƙarshen sura kafin lokacin. Ku huta lafiya.